Kafin Mu Rangaɗa Guɗa, Honarabul Ya Amsa Mana

  

Saƙon nan zai ɗan yi tsawo, ku gafarce ni. Wadda take tsakiyar girki ta ajiye shi sai ta sauke tukunya. Wadda karatun boko yake ba ta wahala ta miƙa wa 'yarta wayar ta karanta mata. Amma don Allah kada wadda ta tsallake shi, don maganar ta shafi ɗakin kowacce a cikinmu.

Duk kun ga takardar da ofishin ɗan majalisarmu na tarayya ya fitar, wadda take ta yawo a zauren nan tun shekaranjiya. An ce ita ce jerin abubuwan da zai sa a gaba idan jam'iyya ta sake tsayar da shi: iyali, muhalli, da ayyukan jama'a. Na ga masu turo hannun tafi, na ga masu "Allah Ya maimaita mana". Ni kuwa na sa tabarau na karanta ta sau uku. A ƙarƙashin iyali an rubuta rabon keken ɗinki da injin markaɗe da tallafin azumi. A ƙarƙashin muhalli, ranar dashen itatuwa. A ƙarƙashin ayyukan jama'a, fitilun sola a bakin titi da rijiyoyin burtsatse. Shi ke nan fa. Babu sunan ƙudirin doka ko ɗaya, babu adadin kuɗi, babu ranar farawa balle ta gamawa. Hotonsa kuwa ya cinye rabin shafi.

Da na ta da maganar a taron masu ruwa da tsaki, wani babba a jam'iyya, wanda nake ganin girmansa har gobe, ya ce da ni: "Hajiya, ke ina ruwanki da doka? Ku dai mata ku shirya anko, ku cika mana fili ranar ƙaddamarwa." Aka yi dariya. Ban ba shi amsa a wurin ba saboda furfurarsa. Amsar ce na kawo nan gabanku, tunda ku ne za a ce ku cika filin.

*MENE NE AIKIN ƊAN MAJALISA?*

Mu fara daga nan, don da yawanmu an bar mu a duhu da gangan. Kundin tsarin mulki na 1999 bai ce ɗan majalisa ya raba keke ba. Abin da ya ɗora masa shi ne ya yi doka, ya duba kasafin kuɗi, ya sa ido a kan masu kashe kuɗin. Ba a taɓa kwabo a asusun gwamnatin tarayya sai majalisa ta amince. Sashe na 88 da na 89 kuma sun ba majalisa ikon kiran minista ko shugaban hukuma ya zo ya yi bayanin inda kuɗin jama'a suka shiga. Wannan ita ce kujerar da muka ɗora mutum a kai. Kujera ce mai juya tiriliyoyin naira, sai ga shi muna auna mai ita da kwalin taliya.

Kayan da ake raba mana ɗin ma, yawanci ba daga aljihunsa suke fitowa ba. Akwai kuɗin ayyukan mazaɓu, naira biliyan 100 da aka saba warewa a kasafin kowace shekara. A 2019 marigayi Shugaba Buhari da bakinsa ya koka cewa an kashe kusan naira tiriliyan ɗaya a kan waɗannan ayyuka cikin shekara goma, amma talaka bai gani a ƙasa ba. A shekarar ce hukumar ICPC ta fara bin diddigin ayyukan, ta riƙa gano kayan da aka saya da kuɗin gwamnati an kulle su a sito, ana jiran lokacin kamfe. To kun ji. Da kuɗinki aka sayi keken, aka manna hoton wani a jiki, aka ce ki durƙusa ki yi godiya.

*IYALI*

Honarabul, ranka ya daɗe, tunda ka ce iyali ne a sahun farko, bari in ba ka labarin wani iyali.

Damina biyu da suka wuce, naƙuda ta kama 'yar maƙwabciyata da tsakar dare, haihuwar fari. Muka ɗauke ta zuwa asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarmu. Ginin sabo fil, an sha fenti, ga allo a ƙofa. Amma ƙofar da kwaɗo. Ma'aikaciya ɗaya ce tal a wurin, ta tashi tun la'asar, kuma ba na ganin laifinta, mutum ɗaya ba ya aikin awa 24. Muka yi ta neman a-daidaita-sahu cikin ruwan sama. Kafin mu isa babban asibiti jini ya ɓalle. Jaririyar ta rayu, uwar ba ta ga wayewar gari ba. Kwana ya ƙare, mun sani, mun kuma karɓi ƙaddara. Amma kwaɗon da ke ƙofar nan mutum ne ya sa shi, kuma rashin ɗaukar ungozoma ta biyu a kan takardar wani ofishi aka yanke shi. Kakar yarinyar tana cikin waɗanda suka samu injin markaɗe a rabon bara. Ku je ku tambaye ta wanne za ta zaɓa.

Kada a ce labarin gida ɗaya ne. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa cikin duk mata huɗu da ke mutuwa wajen ciki da haihuwa a faɗin duniya, fiye da ɗaya 'yar Najeriya ce. Kuma kowa ya san a ɓangarenmu na Arewa abin ya fi muni. Zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda: duk abubuwa ne da ake iya tarewa in akwai ma'aikaciya, da wuta, da magani, da jini a ajiye.

Yanzu ku ji abin da doka take iya yi. A 2014 aka sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa. Ita ce ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Dokar ta yi shekaru a kwance ba a sa mata ko sisi ba, sai a kasafin 2018 'yan majalisa suka tsaya kai da fata aka saka kusan naira biliyan 55. Kun ga aikin majalisa ke nan in ta ga dama. Daga wannan asusu ake tura kuɗi kai tsaye zuwa ƙananan asibitocin da aka tantance, don magani da gyara da kula da marasa ƙarfi. Tambayata ga Honarabul: asibitoci nawa ne a mazaɓarka suke cikin wannan tsari? Nawa suka karɓa bara? Wa ya duba littafinsu? Ka taɓa shiga ɗaya daga cikinsu da daddare ba tare da mai ɗaukar hoto ba?

Dokar nan ta 2014 ta hana kowane asibiti korar mai neman taimakon gaggawa. Mu nawa ne muka san haka? Mu nawa aka ce mana "sai kin biya kati" alhali jini yana zuba? A ƙarshen 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Wane asibiti ne yake yin ta a kusa da mu, kuma ta wace ƙofa ake shiga? Ɗan majalisar da iyali ke gabansa, wannan bayanin zai buga ya raba gida-gida kafin ya buga kalanda.

Tun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. A garinmu aka yi alƙawarin, amma har yau kasafin tarayya bai taɓa kaiwa can ba, ko rabi da ƙyar yake taɓawa. Duk shekara kasafin nan ta hannun majalisa yake bi. A wace shekara ce wakilinmu ya miƙe ya ce bai yarda ba?

Sai makaranta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne, ta ware masa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Sharaɗin shi ne jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓi na tarayya. Saboda jihohi da dama ba sa kawowa a kan lokaci, biliyoyin naira sukan yi ta zama a hukumar UBEC, yaranmu kuwa suna zaune a ƙasa, aji ɗaya ya fi kasuwa cika, babu banɗakin da 'ya mace za ta shiga. Yarinya ta fara girma, makaranta ba banɗaki, sai ta daina zuwa, sai a ce iyaye ne ba sa son boko. Yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan, mafi yawansu namu ne. Ban ga layi ɗaya a kan wannan a takardar Honarabul ba.

*MUHALLI*

Wasu suna ɗauka maganar muhalli ta Turawa ce da 'yan boko. Haba! Wa yake kwashe ruwa da roba in ya shigo ɗaki da ƙarfe biyun dare? Wa yake shaƙar hayaƙin ɗanyen itace har ido ya yi ja, tunda gas ya gagara, gawayi ma ya zama na masu hali? Wa yake jinyar yaro in amai da gudawa suka shigo unguwa bayan ambaliya? Mu ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A watan Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri, dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni. Ba shi ne karo na farko ba, a 1994 ma madatsar ta yi wa garin irin wannan ɓarna. Shekara 30 tsakani, ba a ɗauki darasi ba. A ƙarshen watan Mayun 2025 ruwa ya afka wa Mokwa a jihar Neja da asuba, mutum fiye da 150 suka rasu. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasa, 'yan'uwanmu na Jigawa suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Kuma duk shekara, tun kafin ruwan farko ya sauka, hukumar hasashen yanayi da hukumar kula da koguna sukan fitar da sunayen wuraren da ke cikin haɗari. Ana sani. Abin da ba a yi shi ne yashe magudana, gyara madatsa, da hana masu hannu da shuni gini a kan hanyar ruwa. Sai ruwa ya ci gida a zo da tabarma da buhun shinkafa da kyamara. Ihu bayan hari ke nan.

Akwai asusu na musamman na magance matsalolin muhalli, ana cire masa kaso daga asusun tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi suna samun nasu. Ina na jiharmu yake tafiya? Ɗan majalisa yana da ikon tambaya a hukumance, a rubuce, a ba shi amsa. Ya taɓa tambaya?

Ku tuna Zamfara a 2010. Gubar dalma daga duwatsun zinare da ake daka wa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A tsakar gida aka daka dutsen, a turmin da ake daka hatsi, yara suna rarrafe a cikin ƙurar. Iyaye mata ba su san guba suke shaƙa ba, don babu wanda ya gaya musu. Bayan shekara biyar irin haka ta sake faruwa a jihar Neja. A Kano kowa ya san kalar ruwan da ke fitowa daga unguwannin masana'antu ya gangara kogi, kuma da shi ake ban-ruwan wani ganyen da muke saya. A yankin Haɗeja da Nguru ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma suna kuka shekara da shekaru. Wannan shi ne muhalli a wurinmu, abin da ke shiga tukunya da cikin yaro.

Dokoki kuwa akwai su. An kafa hukumar katangar itatuwa ta yaƙi da hamada da doka a 2015, don jihohi 11 na bakin sahara. An sa hannu a dokar sauyin yanayi a 2021. Abin da ya rage shi ne mai bibiya. Ba na raina dashen itace, sadaka ce mai gudana. Amma mun sha gani: a dasa ranar Asabar da manyan riguna, Litinin akuya ta cinye. Wanda yake da gaske zai faɗa mana wa zai yi ban-ruwa a watan Maris, da kuɗin wa, kuma cikin na bara guda nawa suka rayu.

*AYYUKAN JAMA'A*

Kowacce ta ɗauki biro ta lissafa abin da take ba 'yan ga-ruwa a wata. Ta haɗa da kuɗin cajin waya, da na maganin da aka rubuta mata ta saya a kemis don babu a asibiti, da kuɗin makarantar kuɗi da ta kai yaro don ta gwamnati ba malami. Wannan duk haraji ne na biyu muke biya saboda na farkon bai yi aiki ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin da ake rabawa tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ya ƙaru sosai. Mu muka biya wannan ƙarin a gidan mai da kasuwa. To ina ya shiga?

Burtsatse abu ne mai kyau, amma ku zaga mazaɓar nan ku ƙirga waɗanda suka mutu. Ana haƙawa, a yanke kyalle, a tafi. Ranar da famfon ya lalace ba a san mai gyara ba, don ba a ware kuɗin gyara ba tun farko. Fitilar sola ma haka, batir ya mutu sai ta zama sandar ɗaure akuya. Dalilin da ya sa ake son irin waɗannan ayyuka a fili yake: suna da saurin bayarwa a kwangila, suna da kyau a hoto. Ɗaukar nas da malami da biyansu albashi a kan kari ba ya shiga hoto, shi ya sa ba a rububinsa.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Ƙaramar hukuma ita ce mafi kusa da asibitin unguwa da firamare da kwata da bola. Ina Honarabul ya tsaya a kan aiwatar da wannan hukunci? A 2023 an gyara tsarin mulki, an kuma yi sabuwar dokar lantarki da ta ba jihohi damar samar da wutarsu da rarraba ta. Me ya yi don jiharmu ta ci moriyar wannan, ko da asibitoci da gidajen ruwa ne kawai za su samu wuta tsayayya? A shekarar ce dai aka saya wa 'yan majalisar tarayya manyan motoci, waɗanda rahotanni suka ce kowace ta haura naira miliyan 100, aka ce saboda hanyoyin mazaɓu ba su da kyau. Yo ai mu ma kan hanyoyin muke bi, da mai naƙuda a bayan babur.

*ME YA SA AKE MANA HAKA?*

Saboda ba ma cikin ɗakin da ake yanka. A majalisar dattawa ta goma mata huɗu ne cikin 109. A majalisar wakilai ba su kai 20 ba cikin 360. Ranar 1 ga Maris 2022 majalisa ta yi watsi da ƙudirori biyar da suka shafi mata, har da na ware mana kujeru da na ba mu kaso a shugabancin jam'iyyu. Mata suka yi kwanaki a ƙofar majalisa suna zanga-zanga. Maganar kujerun mata ta sake dawowa a majalisa ta goma. Muna so mu ji daga bakin wakilinmu inda ya tsaya a kai, da e ko a'a, ban da kwana-kwana.

Matan Arewa ba su samu 'yancin jefa ƙuri'a ba sai 1976, shekaru bayan 'yan'uwanmu na Kudu. Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka, ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, a kan wannan ƙuri'ar da ke cikin jakarki. Ita ma shugabar reshen mata ce a jam'iyyarta. Da anko da guɗa kaɗai ta tsaya, da babu wanda ya san sunanta yau.

*GA MASU CEWA…*

Na san abin da za a faɗa, wasu ma sun fara kirana.

Za a ce ina yi wa jam'iyya zagon ƙasa. Ni da na yi shekaru ina bin gida-gida da rana tsaka, na tsaya a akwati har aka gama ƙirga da tocilan? Wanda ya gaya maka rigarka ta yage kafin ka fita kasuwa shi ne naka. In mun kai wa matan unguwa wannan takarda a haka, me za mu ce da wadda ta binne 'yarta? 'Yan adawa ba za su tausaya mana ba in lokaci ya yi. Gara mu gyara kayanmu a cikin gida tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Za a ce keken ɗinki ya taimaki mata da yawa. Gaskiya ne, na san waɗanda suke ci da marayu da shi, kuma ban ce a daina ba. Wadda aka ba ta karɓa, haƙƙinta ne. Amma mata nawa ne a mazaɓar nan, kekuna nawa aka raba? Wa ya rubuta sunayen? Mu da muke cikin reshen nan mun san yadda ake yi, kada mu yaudari juna. Doka ɗaya mai kyau da kasafi mai kyau suna isa ga wadda ba ta san kowa ba.

Za a ce ɗan majalisa ba gwamna ba ne, ba shi ke ɗaukar nas ba. Haka ne. Shi ya sa ban ce ya gina asibiti da kuɗinsa ba. Na ce ya yi aikin da ke hannunsa: ya kawo ƙudiri, ya yi faɗa a kan kasafi, ya kira hukuma ta yi bayani, ya haɗa kai da 'yan majalisar jiha da ciyamomi, ya dawo ya gaya mana abin da ya samu da abin da ya gagara.

Za a ce talauci ya yi yawa, mata ba za su ƙi kuɗi ranar zaɓe ba. Na san yunwa, ba labari aka ba ni ba. Amma mu yi lissafi. Wa'adin ɗan majalisa shekara huɗu ne, kwana 1,460 da ɗoriya. In an ba ki naira 5,000, kin sayar da kowace rana a kan naira uku da 'yan kwabbai. Ko ƙullin gishiri ba ta saya. Ga shi kuma dokar zaɓe ta haramta, mai saye da mai sayarwa duk masu laifi ne.

*ABIN DA MUKE NEMA*

Ga shawarata ga shugabanninmu na reshen mata, daga mazaɓa har ƙaramar hukuma. Kada mu ɗinka anko, kada mu ɗauki mota zuwa ƙaddamarwa, sai Honarabul, da duk wani mai neman kujerar nan a jam'iyyarmu, ya zauna da mu ido da ido ya amsa waɗannan a rubuce da sa hannunsa:

1. Ƙudirori nawa ya gabatar a wa'adin nan, a kan me, kuma ina suka tsaya? A waɗanne kwamitoci yake?

2. Jerin duk ayyukan mazaɓa da aka sa da sunansa a kasafi, shekara bayan shekara, da kuɗin kowanne da inda yake, don mu je mu gani da idonmu.

3. Sunayen ƙananan asibitocin mazaɓar nan da ke karɓar kuɗin asusun lafiya, da matakin da zai ɗauka don a samu aƙalla ɗaya a kowace gunduma da ke karɓar haihuwa dare da rana, da wuta da ruwa.

4. Wuraren da ambaliya da zaizayar ƙasa suka fi yi wa barazana a mazaɓar, da abin da zai nema musu a kasafi mai zuwa kafin damina.

5. Matsayinsa a kan kujerun mata a majalisa da kason mata a shugabancin jam'iyya.

6. Alƙawarin zama da reshen mata duk bayan wata shida, shi da kansa, ba wakili ba.

Mu ma da namu aikin. Kowace shugabar mata ta gunduma ta ɗauki mata biyu su zaga a makon nan: asibiti, firamare, burtsatse, magudana. A ɗauki hoto, a rubuta abin da aka gani, a turo nan. Kasafin kuɗin tarayya a buɗe yake a intanet, 'ya'yanmu masu karatu su nemo mana shafin mazaɓarmu, su duba kuma dandalin Tracka na ƙungiyar BudgIT da ke bibiyar irin waɗannan ayyuka. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya takarda ya nemi bayani, kuma kwana bakwai aka ba su su amsa. Ba sai kina da digiri ba.

Mata daliget kuma, ku ji tsoron Allah a kan amanar da ke hannunku. Ranar fidda gwani ba ku kaɗai ba ne a layin, akwai matan ƙauyen da ba su taɓa ganin ƙofar sakatariya ba a bayanku.

Honarabul, ranka ya daɗe, ba mu tsane ka ba. Mu muka kai ka, kuma in ka amsa mana da gaskiya, ko da amsar ita ce "wannan na kasa, ga dalili", wallahi za ka ji guɗar da ba ka taɓa ji ba. In kuma aka sake aiko mana da turmin atamfa a madadin amsa, to kowacce ta san hanyar rumfar zaɓenta, kuma a cikin rumfar daga ita sai Mahaliccinta.

Ga babbanmu da ya tambayi ina ruwana da doka: Alhaji, ruwana shi ne jaririyar da nake gani kullum a goye a bayan kakarta.

A tura wa kowace mace a gundumarku. Wadda take da gyara ko ƙari ta faɗa a nan, a fili, kada a bi ni ta bayan gida. Wadda na ɓata wa rai ta yafe mini. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba mu damina mai albarka.

Taku har kullum,
'yar'uwarku a reshen mata.